Turai Mai Kitso da Fuskar 'Yar Badala

Idan aka tara matan Sheshe da suka haura shekara talatin, aka ce wadda Baba Turai ba ta taɓa danne wa kai a cinya ba ta ɗaga hannu, ba za a ga hannu biyar ba, su ɗin ma aure ne ya kawo su unguwar. Makitsiya ce, gajeriya, baƙa, muryarta kuwa tun daga bakin lungu ake jinta. Kitsonta yakan yi wata guda bai tashi ba, amma ranar farko ko dariya ba kya iyawa, don fatar goshinki ta ɗame har girarki ta ɗaga. Ni sunana Jummai, malamar firamare ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, kuma tun ina 'yar shekara huɗu nake kuka a cinyarta. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, bara an tashi raba ta da abu ɗaya tak da ta mallaka a duniya, wato labarin 'Yar Badala, ita kuma ta ce sai dai a yi wadda za a yi.

A Sheshe aka haife ta, cikin birnin Kano, a gidan dukawa. Mahaifinta yana ɗinka jaka da kube a Kasuwar Kurmi, mahaifiyarta 'Yardada tana kitso a tsakar gida. Da ta isa aure ba a kai ta nesa ba, lungu biyu kawai ta tsallaka zuwa gidan Malam Isiyaku, shi ma baduku. Ta haifa masa maza uku. Allah bai ba ta mace ba, sai ya ba ta na mutane suna zuwa da ƙafarsu. Malam Isiyaku ya rasu shekara ashirin ke nan, kuma tun daga lokacin 'ya'yanta ke magiya ta ajiye sana'a ta huta. Ta ce musu ranar da suka ga ta huta su aika a yanko likkafani. Da shagunan gyaran gashi suka cika gari 'yanmata suka koma can, ba ta bi su da kallo ba, kuma har yau duk wadda ta shigo mata da gashin doki a leda, da shi take komawa. Daga wajen 'Yardada ta gaji kibiyar tsaga, ta ƙarfe, wadda ta sha hannu har ta yi santsi, ta gaji 'yar kujerar da take zama a kai, ta kuma gaji labarin.

Labarin ba mai wuya ba ne. Wai wata yarinya ce take zaune a jikin badala, can cikin kaurin ƙasar da aka kewaye birni da ita, ba uwa ba uba. Wata shekara Guguwa ta addabi gari, tana kwashe shanya, tana yaye jinka, tana kore hadari duk sanda ya haɗo. Maza suka fita da takubba, to wa ya taɓa saran iska? Sai yarinyar ta fito daga bango, ta dubi Guguwa, ta gane abin da ke damunta. Gashinta ne ya cukurkuɗe, tun da aka halicce ta ba a taɓa taje mata shi ba, shi ya sa take hauka. Yarinyar ta yi tsalle ta cafko ta ta gashi, ta danne kanta a cinya, ta shiga yi mata kitso. Kowace tsaga da abin da Guguwa ke yi don ta kuɓuce: ta zama kunama, ta zama garwashi, ta yi kuka, ta yi alkawarin zinariya. Yarinyar ba ta saki ba. Da ta ƙulle kitson ƙarshe sai Guguwa ta lafa, aka yi ruwa kwana uku.

Baba Turai tana auna labarin ne da kan da ke gabanta. In kalaba ce ƙanana, Guguwa za ta yi ta rikiɗa har la'asar. In shuku ne manya guda shida, nan da nan ta saduda. Da rana tsaka kuma take ba da shi, abin da tsofaffin unguwa ba su taɓa yafe mata ba, don sun ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Amsarta ɗaya ce kullum: "Na shiga Kurmi ta kowane lungu na fito, ban ɓata ba. Ku kawo min wata dabarar da za ta zaunar da 'yar shekara biyar awa biyu, sai in bari."

Amma asirin abin ba a Guguwa yake ba. Duk sanda ta zo inda yarinyar ke fitowa daga bango, sai Baba Turai ta dakata, ta ɗago haɓar wadda take yi wa kitso, ta dube ta da kyau, ta mayar da kan, sannan ta faɗi kamannin 'Yar Badala. Kamannin kuwa na mai kan ne, tsaf. In 'yar Fulani ce, to 'Yar Badala doguwa ce siririya mai dogon hanci, har da ɗan Fillanci take yi wa Guguwa faɗa. In daga Zangon Barebari aka kawo yarinyar, 'Yar Badala Babarbariya ce mai ƙamshin turaren wuta, kuma Baba Turai za ta ƙara da cewa ai Bafulatana ba za ta iya wannan aikin ba, don iyaye su yi dariya. 'Yan Ayagi sun samu tasu, 'yan Tudun Nufawa sun samu tasu. Mai harara-garke, mai ɗingishi, mai zane a kumatu, kowacce ta taɓa fitowa daga bangon nan. Ba ta taɓa cewa "kamar ke" ba. Sai dai ki ji ana faɗin hancinki da kunnenki, ki yi lamo, zafin tsagar ya tafi.

Ni tawa baƙa ce wuluk mai wushirya, kuma na yarda da haka kamar yadda na yarda da sunana, har ranar da muka yi dambe da Safiya. Safiya 'yar Alfindiki ce, kakanninta Larabawan fatake ne da suka ƙetaro hamada. Fara ce tas, gashinta mai santsi har gadon baya, da tawadar Allah a ƙarƙashin idonta na hagu. Muna dawowa daga makarantar allo ta ce 'Yar Badala fara ce mai tawada a ido. Na ce ƙarya take. Ta yaga min ɗankwali, ni kuma na cika hannuna da gashin nan da take taƙama da shi, muka zo gaban Baba Turai muna haki, kowacce na jiran a ƙaryata 'yar'uwarta.

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga kitson da take yi. Ta ce, "Wadda kanta ke cinyata, ita ce. In ta tashi ta ba wata waje. Ku ɓace min da gani kafin in tsefe ku duka biyun."

Daga ranar muka zama ƙawaye, ni da Safiya. Daga baya aure ya kai ta Jos, zumunci ya yi ta ja baya, rasuwarta ma sai bayan an yi arba'in muka ji.

To bara, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da tabarmar Baba Turai ke cika da masu kitson Sallah, na shiga da hantsi in taya ta tsifa. Wata 'yar Barebari ce a cinyarta. Ta zo wurin fitowa daga bango, ta ɗago haɓa, ta mayar, ta fara: "Sai ga ta ta fito, wankan tarwaɗa, mai faffaɗan goshi..." Yaran da ke layi suka kwashe da dariya.

"Baba Turai kin manta," in ji wata. "Ai fara ce. Gashinta har ƙugu."

"Wa ya ce?"

"Ga ta a waya."

Wata babba a cikinsu ta zaro wayar uwarta ta danna. Katun ne, an yi shi da Hausa, da kiɗa da waƙa, sunan labarin nan dai, badalar nan dai. Yarinyar ta fito daga bango fara sol, idanu dara-dara, gashi na kaɗawa kamar na matan fim ɗin Indiya. Guguwa kuwa an yi ta baƙa ƙirin, da jan ido, da cukurkuɗaɗɗen gashi irin namu in an tsefe. Ashe watanni ke nan abin yana yawo a wayoyi, babu yaron da bai haddace waƙarsa ba, mu ne kawai ba mu da labari.

Baba Turai ta kalla har ƙarshe. Ta mayar da kai kan kitso ta ci gaba da nata, amma 'yar da ke cinyarta ta daina saurare, tana ta mutsu-mutsu tana cewa ba haka ba ne. Ta gaba ma haka. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, Baba Turai ta gama kai uku a jere bakinta a rufe, yaran suna ta tsala ihu don ba abin da zai ɗauke musu hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ni, don na ga labarin da ya rayu a hannun uwa da 'ya tun kafin a haifi iyayenmu yana mutuwa a yini ɗaya. Da ta sallami ta ƙarshe, ta goge man hannunta a gefen zane ta ce, "Jummai, nemo min wanda ya shafa wa 'yata bilicin."

Bai yi wuyar samu ba. Sunansa na ƙarshen katun ɗin, Umair, kuma matasan malaman makarantarmu sun san ofishinsa, wani bene a wajen Ƙofar Na'isa. Washegari muka hau adaidaita. Tun daga Sheshe har can take shirya abin da za ta faɗa masa, da ƙarfi, har direban ya riƙa waiwaye yana ba da haƙuri, shi da bai yi komai ba. Benen hawa biyu ne. Ta hau shi da azumi a bakinta da ciwon gwiwa, ta ƙi in riƙe ta.

Na zaci za mu tarar da wani mai ɗaga hanci. Sai ga matashi siriri, bai wuce talatin ba, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu, ya jawo mana kujeru.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ban je ba tukuna, kar ka ɗora min. Kai ne ka ɗauki 'Yar Badala ka wanke ta har ta koɗe?"

Ya yi murmushin wanda ya gaji da jin maganar. Ya ce ai tun da katun ɗin ya fita ake ta rigima a intanet. Wasu sun ce tunda labarin Hausa ne dole ta zama baƙa, wasu sun ce asalinta Bafulatana ce, wasu sun ce aljana ce kuma aljanu farare ne, har an yi zage-zage an taɓo kakanni. Ni dai ina jinsa ina mamakin mutanen da ba su taɓa zama a tabarmar ba, sun tashi za su kashe juna a kan asali. Ya ce shi ma abin ya ishe shi, sun yanke shawara a kashi na biyu za su rage mata haske. Ya juyo da kwamfuta ya nuna mana. Ya ja wani abu da yatsa, yarinyar ta yi duhu a gabanmu, ya sake ja ta koma fara.

"Ki zaɓi kalar da ta dace, Baba, sai mu tsaya a kai."

Ni kam har na miƙa yatsa zan nuna baƙar, in rama damben shekara arba'in. Baba Turai ta buge min hannu.

"Shadda na zo saye da za ka ce in zaɓi kala? In ka mai da ita baƙa, fararen yaran kuma su je ina? Kai dai faɗa min, wa ya ba ka labarin nan?"

Ya ce mahaifiyarsa ce. Tun yana ƙarami a Jos take ba shi, da ciwonta ya yi tsanani kuma shi ne ya riƙa mayar mata da shi a bakin gado. Ta ce masa a wajen wata makitsiya ta ji shi a cikin birni, shi kuma ya ɗauka makitsiyar ta daɗe da rasuwa. Ya rantse bai ƙara ko ɗigo ba, yadda ta siffanta yarinyar haka ya zana ta, har tawadar da ke ƙarƙashin ido. Sai a lokacin na lura da ɗan ɗigon baƙin da ke fuskar katun ɗin, sai kuma na ga hoton da ke jingine a bayan kwamfutar. Safiya ce, ta manyanta, da mayafi, tana murmushin nan nata na gefen baki.

Na fashe da kuka, ba zan ɓoye ba. Baba Turai ta karɓi hoton da hannu biyu, ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Allah ya jiƙanki, Safiya," ta ce. "Gashi ana kitsawa yana zamewa. Ta ba ni wahala, 'yar nan."

Umair ya zura mata ido. Sai yanzu ya gane wadda ke zaune a ofishinsa, ƙwalla ta cika masa ido. Na ce a raina shi ke nan, faɗa ya ƙare, za a yi addu'a a watse. Ashe duk shekarun nan ban gama sanin Baba Turai ba. Ta ajiye hoton a hankali, ta gyara zama.

"Ɗan Safiya, uwarka ba ta yi maka ƙarya ba. Ni na faɗa mata haka, a kan tabarmata. Amma ta yi zamanta ta tashi, ta ba wata waje. Kai kuma ka zo ka zaunar da ita ka hana kowa zama."

Ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita, cikin ladabi. Ya ce aikin katun ba haka yake ba, dole tauraruwa ta zama da fuska ɗaya, in ana canzawa yara ba za su gane ta ba, masu ɗaukar nauyin shirin ma ba za su yarda ba.

"Shekara hamsin ina canza mata fuska sau biyar a yini, ban taɓa samun yarinyar da ba ta gane ta ba. Kana da 'ya?"

"Ina da ita. Hafsat, shekararta shida."

"An yi mata kitson Sallah?"

"Tukuna."

"Kawo min ita jibi da hantsi. Kai za ka kawo ta, ba uwarta ba."

Ya kawo ta kuwa. Gidan na matan aure ne, don haka a soro aka shimfiɗa masa tabarma, soron kuwa ba abin da ya raba shi da wurin zaman Baba Turai sai labule da taku huɗu. Na tsaya a bakin ƙofar, ina ganinsa ina ganinsu. Hafsat dangin uwarta ta biyo. Baƙa ce mai sheƙi, da 'yan ƙananan kunnuwa, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Gashinta cunkus, mai tauri, irin wanda makitsa ke so don yana riƙe kitso. Yarinya ce mai tarbiyya, ta durƙusa ta gaida kowa, ta kwantar da kai ba gardama.

Baba Turai ta shafa mai, ta ja tsagar farko, ta fara. Shanya ta tashi, jinka ta yaye, maza suka sari iska. Ta zo bango. Ta ɗago haɓar Hafsat ta dube ta, ta mayar.

"Sai bango ya tsage, sai ga ta ta fito. Baƙa ce, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu. Kunnuwanta 'yan ƙanana. Haƙoranta biyu na gaba..."

"Baba," in ji Hafsat daga cikin cinya, a hankali, yadda yaro mai kunya ke gyara wa babba. "Kin haɗa su ne. Wannan Guguwa ce. 'Yar Badala fara ce, Abbana ne ya yi ta."

"To ke wace ce a ciki?"

"Ni Guguwa ce mana. In muna wasa a makaranta kullum ni ake ba, saboda gashina da kalata. Na iya ihun ma sosai." Ta gyara kwanciyar kanta. "Sau ɗaya na ce a ba ni 'Yar Badala, suka ce in je in tambayi Abbana."

"Kin tambaye shi?"

"A'a. Ai na gani da idona."

Ba da kuka ta faɗa ba, wannan ne ya fi ƙona min rai. Na dubi soro. Umair ya kife wayarsa a kan tabarma, ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

Da wata tsohuwar ce da ta rungume yarinyar ta hau lallashi. Baba Turai sai ta ƙara danne kan, ta ja tsaga ta biyu, ta ɗaga murya yadda za a ji har lungu.

"Ke, saurara. Wa ya ba Abbanki labarin?"

"Kakata, wadda ta rasu."

"Ita kuma wa ya ba ta? Ni. A kan tabarmar nan, a cinyar nan da kike kai, tana kuka tana majina. Ni kuma uwata ta ba ni, tare da kibiyar nan da nake tsaga miki. To tsakanin ni da Abbanki wa ya fi sanin 'Yar Badala?"

Hafsat dai ba za ta ƙaryata ubanta a gidan mutane ba. Baba Turai ta juya ta fuskanci labule.

"Ɗan Safiya! Ƙarya nake?"

Tsakar gidan ta yi tsit, har matar da ke daka ta tsayar da taɓarya. Umair ya ɗago kai. Da muryarsa ta fito, a dishe ta fito.

"Gaskiya ne, Hafsat. Ita ce mai labarin. Ni rabi na ji."

Yarinyar ta yi lamo. Ina ganin yatsun ƙafarta suna motsi a kan tabarma, tana juya maganar. Can ta ce, "Har da giɓin?"

"Har da giɓin. Ta nan take yin fito ta kira Guguwa. Mai cikakken haƙori ai ba ya iyawa."

"Gashinta fa?"

"Irin wanda kibiya ke shiga ta tsaya. Da mai santsi ne da Guguwa ta fizge shi tun tsagar farko. Gyara min wuyanki."

Kalaba ƙanana ta yi mata, da gangan, don Guguwa ta daɗe tana rikiɗa. Aka yi kunama, aka yi garwashi, aka yi wasu abubuwan da ni kaina ban taɓa ji ba. Hafsat ta manta da zafi, har tana ba 'Yar Badala shawara. Sauran yaran da ke layi suka matso, ba wadda ta zaro waya, don Baba Turai ta riga ta kafa doka cewa duk wayar da ta shigo gidan a cikin randa za ta ƙare. Umair ya je masallaci ya yi azahar, ya dawo ya zauna inda yake. Sai gab da la'asar aka ƙulle kitson ƙarshe, aka yi ruwa kwana uku.

Hafsat ta miƙe, girarta a ɗage, na ba ta madubi. Ta dubi gefen dama, ta dubi na hagu, ta tura harshe cikin giɓin ta gwada fito, iska kawai ta fita. Ta ruga soro.

"Abba, ka yi kuskure. Sai ka sake."

Ya sake ɗin, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kashi na biyu ya fito da 'Yar Badala baƙa mai giɓi, na uku da wata Bafulatana mai ɗingishi, Guguwa kuma ta koma kalar ƙura yadda Allah ya yi ta. Masu rigimar intanet suka bar junansu suka taru a kansa, kowa na cewa ya ɓata asali, wasu daga masu tallafa masa ma suka janye. Na farkon dai har yau ya fi yawo, ba yadda za a yi a kwaso shi daga wayoyin mutane, kuma har yau akan kawo yarinyar da za ta ce wa Baba Turai ta manta. Ba ta ƙara yin kitso bakinta a rufe ba. Da na ce mata tabarma ɗaya ba za ta iya da wayoyin duk Kano ba, cewa ta yi su wayoyin su zo su yi kitson mana.

Amma abin da na fi tunawa a ranar kitson Hafsat bai kai ga soro ba. Hafsat ta manta ɗankwalinta, ta dawo ɗauka, ta tarar wata ta riga ta kwantar da kai a cinyar, wata 'yar fara mai jajayen kumatu daga gidan maƙwabta. Baba Turai ta zo bango, ta ɗago haɓa, ta mayar.

"Sai ga ta ta fito, fara ce, kumatunta jajaye..."

Hafsat ta tsaya cak da ɗankwali a hannu, fuskarta ta canza.

"Baba, ai baƙa ce mai giɓi. Yanzu kika faɗa."

Na buɗe baki zan lallashe ta. Baba Turai ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wadda kanta ke cinyata, ita ce. Ke kin yi naki zaman, kamar yadda kakarki ta yi nata. Matsa, kin tare min haske."

Hafsat ta matsa. Ta daɗe a tsaye tana kallon tsagar da ake ja, leɓenta a ture. Ubanta ya kira ta daga soro, ba ta amsa ba. Sai ta tsuguna kusa da kunnen 'yar farar nan da ta fara shessheƙa, ta ce mata, "Ki daure. Wajen garwashin ne ya fi zafi, amma ke za ki ci."